Labarin yarinya mai son mace: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da wata ƙanwarmu ta karanta babin farko na littafinta a zaman marubutanmu na Yamai, wayata ba ta huta ba. Labarin wata 'yar Tawa ne da ta zo karatu jami'ar Abdou Moumouni, ta gane zuciyarta ga mace 'yar'uwarta take karkata. Ga amsa wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake turo mini saƙo.

Tanti, rubuta irin wannan ba tallata madigo ba ne?

A'a. Kun sha rubuta auren dole da saki uku, ba wanda ya ce talla kuke yi.

Ba abin Turawa ba ne?

Ke da kika yi makarantar kwana kike wannan tambaya? Suna nan, 'ya'yan mutane ne, wasu ma da 'ya'yansu a ɗakin miji.

Sai na sa wurin kwanciya?

Ba dole ba, kuma in yarinyar ba ta mallaki hankalin kanta ba, kada ki kuskura. Masu zuba batsa a WhatsApp don a biya su jika guda sun riga sun ɓata hanyar. Kada ki bi sahunsu.

To me zan rubuta?

Gidansu. Nan ne duk kuke gudu. Ku kan kawo mini uwa mai zagi da tsinuwa tun daga shafin farko har na ƙarshe, ni kuwa ban san irin wannan uwa ba. Wadda na sani tana zubin adashe tun 'yarta na ajin burbe, tana tara kwanoni da zannuwa ƙarƙashin gado. Mijinta na Abijan wajen biɗa, kamar mazan Adar da yawa, sai dai ya aiko saƙon murya yana tambayar yaushe za a tsai da magana. Ki nuna mini yarinyar ta zo hutu, inna ta jawo akwati ta buɗe mata, tana shafa atamfa tana murmushi, ita kuma ta ce “sun yi kyau, Inna” alhali maƙoshinta ya bushe. Ki nuna gwaggon da ta lura ba ta fita zance, ta aika a karɓo mata rubutu wajen malam. Duk sonta suke yi, shi ya sa abin ke mata ciwo. Kuma kada ki cire mata salla. Yarinyar da ta tashi gidan Musulmi da Ubangijinta za ta fara wannan kuka kafin kowa ya ji.

Ƙawata ce ta ba ni labarinta, ta ce in rubuta. In rubuta?

Nan kam ba zan ce e ko a'a kai tsaye ba. Yardarta ta yau ba lallai ta zama ta gobe ba, watakila cikin ɓacin rai ta faɗa, watakila baɗi a ɗaura mata aure. Canja suna kaɗai ba ya isa. A Tawa in kika ce uban mai shago ne kusa da tasha, uwar tana da 'yan biyu, an gama gane gidan kafin la'asar. Sai kin canja gari, sana'a, yawan 'yan'uwa, har abin da take karanta. Ko kin yi duk wannan, akwai wanda zai iya shaida wata magana da ita kaɗai ke faɗi.

Ga kuma doka. Kundin hukunci na Nijar na 1961 ya daɗe yana hukunta abin ne kawai in da wanda bai kai shekara 21 ba. Amma a 2023 Bazoum, shugaban ƙasa na lokacin, ya sanar da niyyar tsananta shi, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya haramta shi a fili. A Najeriya, inda masu karatunmu suka fi yawa, dokar 2014 ta yanka shekara 14 kan auren jinsi. Saboda haka in asirinta ya tonu, ba surutun unguwa kaɗai ke jiranta ba.

Shawarata, in har za ki yi: ki ɗauki abin da ta ji a ranta, ki bar mata abin da ya faru da ita. Ki ba ta ta karanta kafin kowa. In ta ce a fasa, ko ana gobe za a saki, a fasa. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ajiye shi shekara guda, ba abin da zai same shi.

Dole ta tuba ko ta mutu a ƙarshe?

Haba! Kun kashe su da haɗarin mota, kun haukata su, ya isa. In tuba ta fito daga halin yarinyar da kika gina, to. In don tsoron masu sharhi ne, mai karatu zai gane. Kwantar da hankalinki, ana iya rufe littafi tana raye, tana kiran innarta ran Juma'a, maganar ba ta ƙare ba.

Zan iya bugawa a Kano?

Can akwai hukumar tace fina-finai da littattafai. Ki yi tunani tukuna.

Da sunana ko da sunan aro?

Na aro. Lambar wayar ma ta daban.