Waiwaye: Shekarun da Aka Gauraya Kifin Salmon na Kogin Kolumbiya

Tun da aka kammala rushe madatsun ruwa huɗu na Kogin Klamath a 2024, kifin salmon kuma ya sake bayyana a saman kogin a kakar shekarar, gardama ta ƙara zafi a arewa maso yammacin Amurka: a ci gaba da zuba kifin gidan ƙyanƙyasa ne, ko a buɗe wa na daji hanya? Ba yau aka fara ba.

Farkon labarin sananne ne. An soma ƙyanƙyasar salmon a Kogin McCloud na California tun 1872. A Kogin Kolumbiya, madatsar Bonneville ta 1938 an yi mata matakalar kifi, wato hanyar da kifi ke bi ya haura madatsa, ta Grand Coulee kuwa ba a yi mata ba, sai ta datse fiye da mil 1,000 na ruwan da kifin ke zuba ƙwai, har cikin Kanada.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya faru daga 1939 zuwa 1943. A waɗannan shekaru, duk kifin da ya taso daga teku sai a tare shi a madatsar Rock Island, a loda shi cikin motocin tanki, a juye a kogunan Wenatchee, Entiat, Methow da Okanogan, ko a kai shi gidajen ƙyanƙyasa irin na Leavenworth. Da kyakkyawar niyya aka yi, ceto ake so. To amma salmon ba iri ɗaya ba ne. Kowane iri yana bin ƙanshin rafin da aka ƙyanƙyashe shi, yana da lokacin dawowarsa, yana tara kitse daidai nisan tafiyarsa. Wanda ya nufi Kanada aka haɗa shi da na kusa, suka hayayyafa tare. Manyan nan da ake kira "June hogs" saboda girmansu, daga nan aka daina ganinsu.

A ganina nan ne tunanin ya kafu, cewa kifi lissafi ne: in kogi ya rasa dubu, a ƙyanƙyashe dubu a mayar. Adadi kam ana iya mayarwa. Irin da ya san hanya ne ba ya fitowa daga kwatamin ƙyanƙyasa.

A 2023 an ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 200 cikin shekara 20 da ƙabilun Colville, Spokane da Coeur d'Alene, 'yan asalin yankin, domin mayar da salmon saman Grand Coulee. Kifin da ake gwajin da shi daga ƙasan madatsar ake ɗauko shi, kuma a motar tanki ake hawa da shi.