Ma'anar Haɗuwar Daskararru a Aikin Seramik

A fagen ilimin sinadarai, haɗuwar daskararru na nufin a cakuɗa gari biyu ko fiye na ma'adinai, a gasa su da wuta mai tsanani har su rikiɗe su zama sabon abu, ba tare da sun narke ba. Ta wannan hanya ake samar da yawancin kayan seramik na zamani, wato dangin tangaran da tukwanen yumɓu, waɗanda a yau suka kai har cikin wayar hannu.

Abin tambaya shi ne yadda busassun abubuwa biyu za su shiga juna alhali babu ruwan da zai ɗauki ɗaya ya kai wa ɗayan. Amsar tana wurin da ƙwayoyin garin suka taɓa juna. Idan zafi ya kai digiri 1,000 zuwa 1,500 a ma'aunin Salsiyos, ƙwayoyin zarra, wato ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani waɗanda kowane abu ya ƙunsa, sukan bar gurbinsu su ratsa zuwa maƙwabciyar ƙwaya, sai wani siririn ɓawo na sabon abu ya tsiro a tsakani. Wannan ɓawo shi ne nasarar aikin, kuma shi ne cikas ɗinsa, domin duk lokacin da ya ƙara kauri, tafiyar zarra takan ƙara nisa, aikin ya yi nawa. Shi ya sa ake sauke garin daga tanderu, a sake niƙa shi, a danne, a mayar wuta, wani lokaci sau biyu ko uku. Masanin nan na Jamus, Wilhelm Jander, ya tsara lissafin wannan jinkiri tun 1927.

Misali sananne shi ne bariyom titanet, wanda ake yin kafasita da shi, wato 'yar na'urar da ke adana cajin lantarki. Ana haɗa bariyom kabonet da titaniyom dayokzaid, a gasa a wajen digiri 1,100, iskar kabon dayokzaid ta fita, nauyin garin ya ragu da kusan kashi 16 cikin 100. Mai bincike kan ɗora samfurin a kan ma'auni a cikin wuta, ya gane inda aiki ya kai daga raguwar nauyin. Farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a jihar Katsina ma haka take sauyawa, inda take zubar da ruwan da ke cikin ƙirarta a wajen digiri 550, sannan ma'adinin mulait mai ƙarfi ya bayyana bayan an haura 1,000.

A da, sai tanderu ya huce ake duba abin da ya fito, wanda a ganina tamkar a ga tuwo ne ba a ga tuƙi ba. Yanzu ana haska samfurin da hasken eksire yana kan wuta, a riƙa ganin sinadaran wucin gadi da ke ɓullowa su ɓace kafin na ƙarshe ya kafu, kuma daga nan ake sanin zafin da ya kamata a rage ko sinadarin da ya kamata a musanya.