Fili da sunan ƙaramin yaro a Tailan: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Shin yaron da uwarsa 'yar Tailan ce, ubansa kuma baƙo, yana iya mallakar fili?

Yana iya. Tun bayan gyaran da aka yi wa dokar zama ɗan ƙasa a 1992, duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Tailan ne ɗan ƙasa ne, ko a ina aka haife shi, kuma ɗan ƙasa yana mallakar fili ko da yana goye.

Fasfo na biyu da yake riƙe da shi zai kawo cikas?

A'a, ka kwantar da hankalinka.

To me ya hana ni uban in saya da sunana?

Dokar filaye ta 1954 ce ta hana baƙo mallakar fili, a sashe na 86.

Idan kuɗin nawa ne, zan iya zama a gidan, in kuma sayar idan buƙata ta taso?

Nan ne ya kamata ka natsu, domin a nan mafi yawan iyaye suke yaudarar kansu. Jami'in ofishin filaye yana da ikon tambayar inda kuɗin ya fito da manufar sayen, kuma idan ya ga alamar cewa an yi amfani da sunan yaron ne kawai domin baƙo ya riƙe fili a fakaice, yana iya ƙin yin rajista. Yadda ofisoshi ke tsananta binciken kuwa ya bambanta daga lardi zuwa lardi. Dokar ta tanadi tara ko ɗaurin da zai kai shekara 2 ga mai riƙe wa baƙo fili.

Ko da an yi rajistar lafiya, daga ranar da sunan yaron ya hau bayan takardar mallaka filin ya bar hannunka. Sashe na 1574 na dokar hulɗar jama'a da kasuwanci ya hana uwa ko uba sayar da filin ƙaramin yaro, ko jinginar da shi, ko ba da hayarsa fiye da shekara 3, sai da izinin kotu, kuma abin da kotun iyali take dubawa shi ne amfanin yaron. Kuɗin makarantarsa ko jinyarsa na iya zama hujja. Karyewar jarinka da wuya ta zama.

Zama a gidan tare da ɗanka babu mai hana ka. Amma rubuta maka haƙƙin cin moriyar filin har mutuwa, bayan ya riga ya zama na yaron, shi ma sai kotu ta yarda, tunda maslaharka ta ci karo da tasa. Wasu lauyoyi kan ba da shawarar a rubuta wannan haƙƙin kafin a mayar da filin ga yaron, sai dai ba kowane jami'i ke amincewa ba, don haka ka je ofishin yankin ka tambaya kafin ka biya ko sisi.

Ba mu yi rajistar aure ba. Ina da ta cewa?

Ba ka da ita tukuna. Ikon kula da yaron da dukiyarsa yana hannun uwa, har sai kun yi rajistar aure, ko an yi rajistar amincewarka da ɗan a ofishin gunduma, ko kotu ta tabbatar da kai ne uba. Abin mamaki ne mutum ya tura miliyoyi bai gyara wannan ba.

Yaushe yaron zai karɓi ragamar filin?

Ranar da ya cika shekara 20. Daga nan yana iya sayarwa ba tare da ya nemi yardarka ba.