Tsohon Kibod ɗin IBM Ya Daina Aiki: Daga Ina Za a Fara?

Maɓallai 101, amma wayoyin ciki ba su kai haka ba. Yaya ake gane wanda aka danna?

A kibod irin Model M, wanda kamfanin IBM ya fara fitarwa a 1985, ba kowane maɓalli ke da wayarsa ba. Layukan lantarki ne aka saƙa kamar tabarma, 16 ta nan, 8 ta can, kowane maɓalli yana zaune a mahaɗar layi biyu. Wata ƙaramar ƙwaƙwalwa tana tura wuta layi-layi cikin sauri, tana duba inda ta ɓullo. Idan ka danna, sifirin ɗin da ke ƙasa ya lanƙwashe ya yi "ƙas", ya buga wani ɗan ƙaramin roba, shi kuma ya haɗa ledoji biyu masu zanen layukan azurfa.

To in wasu maɓallai sun mutu fa?

Kafin ka taɓa sukudireba, ɗauki biro ka rubuta waɗanda suka mutu. Nan ne rabin aikin. Maɓalli ɗaya tak? Yawanci datti ne ko sifirin ya goce. Cire hular maɓallin ka mayar da ita daidai. Amma idan gungu ne suka mutu tare, ko da ba maƙwabta ba ne a ido, layi guda ne ya yanke, ko bakin ledar bai zauna da kyau a soket ɗinsa ba. Sa mitar auna lantarki ka bi layin gaɓa-gaɓa har inda ya tsaya. Sau da yawa za ka tarar wurin ya yi baƙi, alamar shayi ko ruwa ya taɓa zuba shekarun baya.

Kada ka kusanci ledar nan da ƙarfen dalma, nan take za ta narke. Da alƙalamin tawadar azurfa ake cike gurbin, a bari ya bushe sarai sannan a gwada.

Me ke ƙara a ciki kamar tsakuwa idan an girgiza?

Kawunan ƙusoshin roba ne da ke riƙe farantin ƙarfe na ƙasa. Tsufa ke sa su karye, sai ledojin su saki, maɓallan gefen su riƙa amsawa in sun ga dama. Maganinsa a huda gurabensu a sa ƙananan kusoshin ƙarfe da noti. Aikin haƙuri ne, kuma buɗe kwanson kansa sai da sifana mai siririn baki, milimita 5.5.

Na sa ɗan ƙaramin mahaɗi na USB, ko fitila ba ta kama ba. Ya lalace ke nan?

Ba lallai ba. Tsohon kan wayar kibod mai fil 5, da na PS/2 mai fil 6 wanda ya zo a 1987, wayoyi huɗu suke amfani da su: ta wuta bolt 5, ta ƙasa (mai mayar da wutar), ta agogo (mai daidaita lokacin aika saƙo) da ta bayanai. Yarensu daban da na USB, shi kuwa mahaɗin mai araha waya kawai ce a cikinsa. Nemi wanda ke da ƙwaƙwalwar fassara.

Kibod ɗin IBM irin Model F na 1981 ma haka ake gyara shi?

A'a. Shi babu leda, canjin cajin lantarki yake aunawa a kan allonsa. Abin da ya fi damunsa soson ciki ne da ke ruɓewa, sai a yanka sabo a sa.