Anthony Fokker: Ɗan Holan da ya ƙera wa Jamus jiragen yaƙi

Wane ne Anthony Fokker?

An haife shi a 1890 a tsibirin Java (Indonesiya a yau), lokacin Holan na mulkin wurin, mahaifinsa kuma manomin kofi ne. A birnin Haarlem na Holan ya tashi, bai ma kammala sakandare ba. A 1910 aka tura shi Jamus koyon gyaran mota, sai ya ɓige da jirgin sama. Jirginsa na farko, saboda yawan wayoyin da ke ɗaure da fukafukansa, "Gizo-gizo" ya raɗa masa. A 1912 ya buɗe kamfani kusa da Berlin, daga baya ya koma Schwerin.

Me ya ƙirƙiro da ya ɗaga sunansa?

A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya matuƙa na da matsala: idan aka kafa bindiga a hancin jirgi, harsashi zai farfasa farfelar da ke juyawa a gabanta. Bafaranshe Roland Garros ya liƙa ƙarafa a jikin farfelarsa domin su riƙa kauda harsashin da ya same ta. A watan Afrilun 1915 jirginsa ya sauka a yankin Jamusawa, suka kama shi, suka nuna wa Fokker dabarar.

Mutanen Fokker ba su kwaikwaye ta ba. Sai suka sa wani ƙarfe mai ɗan tudu yana juyawa tare da injin, yana tura sanda zuwa kunamar bindiga. Bindigar ba ta tashi sai farfela ta kauce daga bakinta. Ke nan matuƙi ya saita jirgin gaba ɗaya kan abokin gaba kawai ya danna. Da jirgin Eindecker mai wannan na'ura, matuƙan Jamus irin su Max Immelmann da Oswald Boelcke suka addabi 'yan Ingila da Faransa har farkon 1916.

Shi kaɗai ya yi aikin?

Ina! Franz Schneider ya yi rajistar irin wannan dabara tun 1913, har ya maka Fokker a kotu. Injiniyan Fokker, Heinrich Lübbe, yana da hannu sosai a na'urar, kuma Reinhold Platz, wanda ya fara a matsayin mai walda, ya taka babbar rawa a jiragen da suka biyo baya. A ganina gwanintar Fokker ita ce tuƙi da ciniki: ya hau jirgi ya gane aibinsa, ya saurari matuƙa, ya kuma san yadda ake sayar wa soja kaya. Yabon kuwa ba ya son raba shi da kowa.

Wane jirginsa ya fi shahara?

Mutane sun fi sanin Dr.I mai fukafukai hawa uku, wanda shahararren matuƙin Jamus Manfred von Richthofen ya mutu a cikinsa a 1918. Amma D.VII ya fi inganci, har yarjejeniyar tsagaita wuta ta 11 ga Nuwamba 1918 ta ambace shi da suna, ta ce Jamus ta miƙa su duka.

Bayan yaƙi fa?

Bai tsaya an ƙwace kayansa ba. A 1919 ya loda jirage da injina a jiragen ƙasa ya tsallaka da su Holan, ya kafa sabon kamfani a Amsterdam, sannan ya koma Amurka yana ƙera jiragen fasinja. Sanƙarau ne ya yi ajalinsa a New York a Disambar 1939, yana da shekara 49. Kamfanin ya ci gaba har 1996, kuma jiragensa F27 da F28 na cikin waɗanda Nigeria Airways ya yi jigilar fasinja da su.