Masu Butiki a Damagaram: Halin da Suke Ciki da Damar da ke Gabansu

Butiki, ko kanti, shi ne ƙaramin shagon da mutum ɗaya ko iyali ɗaya ke riƙe da shi da jarin kansu, ba reshen wani kamfani ba. Mai butiki yana saro kaya da yawa ya sayar ɗai-ɗai: shinkafa, taliya, sukari, man girki, madara, sabulu, ganyen shayi, ashana, batir. A Damagaram, wato Zinder, da wuya ka ratsa layi biyu ba ka ga irin wannan shago ba, tun daga lungunan Birni da Zango har sababbin unguwannin bakin gari. Ƙasa da shi akwai mai tebur, wanda duk hajarsa ke kan katako ɗaya. Sama da shi akwai 'yan sari na kasuwar Dole.

Asali

Kasuwanci tsohon abu ne a garin. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu, Damagaram zango ce ta ayarin da ke bin hanyar Kano zuwa Agadas da Tarabulus, kuma daga nan unguwar Zango ta samo sunanta. A can ne attajiri Malam Yaro ya yi zamaninsa. Faransawa sun kama garin a 1899, suka mai da shi hedikwatar mulkinsu, kafin su ƙaura zuwa Yamai a 1926. Daga baya cinikin gyaɗa ya riƙe garin, har farin shekarun 1970 ya karya shi. Abin da bai karye ba shi ne hanyar Kano, mai nisan kilomita kusan 240, kuma a kanta mafi yawan kantunan yau suke tsaye.

Tsakanin sefa da naira

Wanda ke son gane ribar mai butiki a Damagaram, sai ya fara da canji. Yana sayarwa da sefa, amma kaso mai yawa na kayan da ke kan kantarsa da naira aka saro su: biskit, lemun roba, omo, bokiti, takalman roba, atamfa. Suna shigowa ta Magarya ko ta Matamaye. Sefa ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, ita kuwa naira yawo take. Idan naira ta faɗi, kamar yadda ta yi bayan Yunin 2023, mai sefa a hannu yakan ga kayan Kano sun yi araha. Arahar ba ta daɗewa, domin farashi a Najeriya yana biyo baya. Wanda ya saro da tsada jiya, maƙwabcinsa ya saro da sauƙi yau, dole ya sauke farashi ko kayansa su kwana.

Sai kuma iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sake rufe hanyar, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Kayan da a da ke sauka a tashar ruwan Kwatano ta ƙasar Benin suka koma bin Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada, ga Damagaram kuma tana da nisan kilomita kusan 900 daga Yamai. Babban ɗan sari yana da sito, yana iya jira. Ƙaramin mai butiki ba shi da wannan numfashi: abin da ya sayar yau da shi zai saro gobe.

Ƙulli da littafin bashi

Ƙarfin butiki yana cikin abin da babban kanti ba zai yi ba. Da safe yarinya za ta zo da dala ashirin, wato sefa 100, ta ce, "Baba, in ji Inna a ba ni sukari na dala goma, mai na dala goma." Mai shagon ya riga ya zauna tun daren jiya ya farke buhu, ya ƙulla sukarin a ƙananan ledoji, ya jera su cikin roba. Man kuwa da ɗan ludayi yake aunawa. Ribar kowane ƙulli ba ta taka kara ta karya ba, amma a nan abincin gidansa yake, kuma da wannan ƙulli ne gidaje masu cin hannu baka hannu ƙwarya suke ɗora tukunya.

A ƙarƙashin kanta akwai littafin makaranta da ya sha hannu, kowane shafi da sunan gida. Ma'aikaci yana ɗauka sai ƙarshen wata. Manomi yana ɗauka sai kaka. Matar da mijinta ya tafi ci-rani tana ɗauka sai an aiko. Bashin nan shi ke riƙe abokin ciniki, shi ne kuma ya fi kashe kantuna. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mai butiki ba shi da ikon matsa wa surukinsa ko limamin unguwarsu. Idan albashi ya yi jinkiri ko damina ta gaza, rabin jarinsa yana cikin littafi, kantoci kuma sun fara zama fayau. Gaskiya ita ce masu kanti da yawa suna yi wa unguwa aikin da ya kamata banki ya yi, ba riba, ba jingina, kuma ba kasafai ake lissafa musu wannan ba. Su kansu ba su cika zuwa banki ba, saboda gudun kuɗin ruwa da rashin takardun jingina. Jarinsu daga adashe yake fitowa, ko daga ubangida da ya ba da kaya a sayar a kawo kuɗi.

Damar da ke akwai

Ta farko ita ce jama'a. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan mutane a Nijar, sama da miliyan uku da rabi, kuma garin yana ta faɗaɗa. Duk sabuwar unguwa da ta yi nisa da Dole tana bukatar mai sayar mata da gishiri. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da ma'aikatan matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, sun ƙaro masu saye da bukatunsu suka wuce ƙulli.

Aika kuɗi ya zama sana'a ta biyu a cikin shago. Nita, Amana, Al Izza da Airtel Money sun sa mai butiki yana iya biyan ɗan sari ba tare da ya rufe ƙofa ya hau kabu-kabu ba. Wanda ya zama wakilin kuɗin waya yana samun kamasho, mai cirar kuɗi kuma sau da yawa ba ya fita hannu sake. Matasa da mata masu sayarwa daga cikin gida suna tallar turare, atamfa da kayan yara ta WhatsApp, ba kuɗin haya.

Sanyi ma haja ne. A zafin Afrilu da Mayu, balle idan azumi ya faɗo a ciki, firji mai aiki ya fi kanta guda kawo ciniki, kuma garin da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa ba ya rasa mai neman ruwan leda. Matsalar ita ce ɗaukewar wuta. Faifan sola da batir suna da tsada a farko, amma mai su yana sayar da ƙanƙara ranar da layin duka ke cikin duhu.

Damar da aka fi sakaci da ita ita ce kayan gida: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin gero, yaji, busasshen zogale. Waɗannan ba sa jiran iyaka, ba ruwansu da naira. Ƙungiyoyin mata suna sarrafa su, abin da ya rage shi ne ƙunshi mai tsabta da kanti mai yarda ya ba su wuri a gaba, ba can bayan katan ba.

Takardu da magaji

Ƙananan kantuna suna biyan lanho na dunƙule, wanda mutane ke kira patanti, ga kuma kuɗin magajin gari. Wanda ya yi rajista ya samu lambar NIF, wato lambar mai biyan haraji, yana iya neman kwangilar kai kaya makaranta ko ofis, abin da mai tebur ba zai samu ba. Da yawa suna gudun rajistar don tsoron a ƙara musu haraji.

Sana'ar kanta a shago ake koyonta. Yaro yana farawa da shara da ƙulla sukari, ya kai ga riƙe aljihun kuɗi, sannan a fara aikensa sari Dole, daga baya Kano. Bayan shekaru ubangida ya sallame shi da ɗan jari ko kaya bashi, ya buɗe nasa a wata unguwa. Yaran da ke shiga yanzu da yawansu sun yi lakwal, suna lissafin canji a waya, wasu ma sun fara rubuta bashi da kwanan wata da ranar biya.