Ƙwayar da ba ta jin zafi ba ta jin tsami

Shekara da shekaru masu haɗa jus sun saki jiki da abu ɗaya, wai in dai ruwan 'ya'yan itace na da tsami sosai kuma an gasa shi da zafi kafin a ɗura a kwali to shikenan, ba bakteriyar da za ta yi rai a ciki. Kuma suna da hujja fa, don in pH, wato ma'aunin tsami da ke raguwa in tsami ya ƙaru, ya yi ƙasa da 4.6 ko muguwar ƙwayar botulizim mai sa guba a abinci ba ta iya tsirowa.

Sai ga 1982 a Jamus, jus ɗin tuffa da aka rufe tsaf cikin tsafta ya lalace, kwali bai kumbura ba, ba iska ba kumfa, amma kana buɗewa sai wani wari kamar na maganin asibiti haɗe da hayaƙi ya buge ka. Da aka bi diddigi ashe dangin wata ƙwaya ce da aka daɗe da sani, tun 1967 aka tsince ta a maɓuɓɓugan ruwan zafi a Japan, a 1971 masana kimiyya Darland da Brock suka raɗa ma irinta suna Bacillus acidocaldarius. Ba wanda ya kawo ma ransa abin da ke zaune a ruwan zafi zai biyo ƙasar gona ya shigo masana'anta. A 1987 aka kira mai ɓata jus ɗin acidoterrestris, wato mai son tsami ta cikin ƙasa, a 1992 kuma aka ware ma waɗannan ƙwayoyin gida nasu, Alicyclobacillus, saboda wani irin kitse mai zobe da ke fatar jikinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne dabararta. Tana dunƙulewa cikin ɓawo mai tauri, zafin digiri 90 na ma'aunin Celsius da ake ba jus ya kashe sauran ƙwayoyi ita ko gezau, ƙarshenta ma zafin ne ke tashinta daga barci, ta tarar fili ba abokin gasa, in kwalin ya jima da ɗumi sai ta fara sakin sinadarin gwayakol mai jawo wancan warin, wanda ɗan mitsitsinsa ya isa hanci ya kama.

Ba ta sa ciwo, wannan kam da sauƙi, amma asara ce babba. Shi ya sa yanzu masana'antu ke guje ma 'ya'yan da suka faɗo ƙasa, suna wanke su sosai, suna gwada ruwan da suke sake amfani da shi, sannan su yi maza su huce jus ɗin zuwa ƙasa da digiri 20.